Kuɓewar da Ke Cikin Jitar Ozella

Duk wanda ya ce maka tun muna yara Ozella Tackett ta fi ni murya, ka dube shi da kyau, dangin ubanta ne. Ni ne Hoyt Sizemore, ɗan kawunta, abokin wasanta. Na riga ta zuwa duniya da wata goma sha ɗaya, na kuma riga ta yin waƙa, don ranar da aka haife ni kukan da na tsala sai da ya sa alfadarin maƙwabta ya tsinke igiya. Ita kuwa sai da ungozoma ta mare ta sau uku kafin ta ce uffan. Amma yau je ka ƙauyen Mabry ka tambayi gidan mawaƙi, ka ga gidan wa za a nuna maka.

Sau uku ana buga labarinta a jarida, kuma duk wanda ya rubuta sai ya kawo zancen cakin wutsiyar macijin da ke cikin jitarta, gadon Kaka Burl. To bari in sauke muku kayan tun daga bakin ƙofa. Shekara arba'in da ɗaya babu cakin maciji a cikin jitar nan. Busasshiyar kuɓewa ce. Ni na saka ta. Ozella kuwa ba ta iya buɗe baki a gaban mutane sai ta girgiza jitar a kunne ta ji abin ya amsa, don haka duk waƙar da kuka taɓa ji ta yi, a kan kuɓewata ta tsaya. Ban yi karatu mai nisa ba, a aji shida ni da malama muka yarda mu rabu lafiya, amma wannan na gane shi.

A nan tsaunukan arewacin Alabama akwai wani maciji mai busassun gaɓoɓi a ƙarshen wutsiya da ke ƙara kamar caki, kuma kowane mai goge na kirki yana da cakin nan a cikin gogensa. Wasu su ce gizo-gizo yake kora, wasu su ce zaƙi yake ƙara wa amo. Na Kaka gaɓa goma sha uku ne, daga macijin da ya kashe da fartanya yana saurayi, wanda kansa ke bakin rijiya wutsiyarsa tana bayan coci. Kowa a gidanmu ya san wanda Kaka ya ba cakin nan shi ne magajin kiɗa. Kowa kuma ya san ni ne: ɗan ɗa, mai ɗauke da sunan gidan. Ozella 'yar 'ya ce, doguwa siririya, shi ya sa nake ce mata Zalɓe. Ita kuma tana ce mini Muzuru, wai in na ja goge duk kyanwoyin ƙauye sai su fito neman miji. Hassada ce kawai.

Ina da shekara goma sha huɗu ciwo ya kwantar da Kaka. Ran nan da hantsi ya sa aka fito da shi baranda a kujerarsa mai lilo, ya kira mu.

"Hoyt, ga gogena, ja mana mu ji."

Na ja. Ban kuskure ko tsirkiya ɗaya ba. Karen Kaka ya tashi ya shige ƙarƙashin gida, amma daman kare ne marar tarbiyya.

"To, madalla," in ji Kaka, yana sosa kunne. "Ozella, ke fa?"

Ta ɗauko wata jita da ubanta ya yi musanye da ɗan alade ya samo. Maimakon ta yi kiɗan rawa yadda aka saba, sai ta ɗauko waƙar coci, wadda ake rerawa a jana'iza a hankali kamar ana jan saniya daga taɓo, ta ɗora ta a kan kiɗan rawar Asabar na Kaka. Uwarta, Gwaggo Vesta, ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Ke! Waƙar Ubangiji kike wa rawa? So kike aradu ta faɗo mana a baranda?"

Kaka kuwa dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce a miƙo masa gogen. Ya juya shi, ya girgiza, ya girgiza, cakin ya faɗo a cinyarsa. Na miƙa hannu biyu. Sai ya tsallake hannuna ya jefa shi cikin ramin jitar Ozella.

"Hoyt, riƙe gogen, naka ne. Ke kuma, ba a leƙa shi, ba a fito da shi. Kunne ake sa masa."

"Kaka, ai fanko ka ba ni!"

"Fanko mai kyau, ɗan nema. Ka riƙa shafa masa mai."

Bayan kwana uku ya rasu. Ranar da aka kai shi, da rana tsaka, gida cike da mata ana suyar kaji, na shiga ɗakin Gwaggo na jawo jitar daga ƙarƙashin gado. Na girgiza har cakin ya faɗo. Na san in ta ji shiru za ta gane, sai na zaga bayan kicin inda Gwaggo ta rataye kuɓewar iri. Na ja ƙarama guda, igiyar duka ta zubo ƙasa, na bar ta nan. Na kaɗa tawa a kunne, ta ce kas-kas. Na jefa cikin jitar. Cakin gaskiya ya koma gidansa, cikin gogena. A ganina ba sata na yi ba, gyara na yi wa tsoho, don mai ciwo yakan yi kuskure.

Na zauna ina jiran abu biyu: hannuna ya buɗe, nata ya rufe.

Cocinmu ba a shiga da kayan kiɗa, murya zalla ake yi, kowa ya kama layinsa. Can Ozella ta koyi hawa da murya har sai fitila ta yi rawa. Tana shekara goma sha shida aka gan ta tana kaɗa jita a wurin rawa a bayan gari. Dattawan coci suka zauna, suka ce ko jitar ko bencin masu waƙa. Ta ce su riƙe bencinsu, daman yana da ƙusa. Gwaggo ta yi mako guda tana kuka. Ina ba ta haƙuri ina jin wani sanyi a ƙirjina, na ce to, kuɓewa ta fara aiki.

Daga nan muka shiga kamfanin yankan kaji tare. Kaji suna wucewa rataye a sarƙa, dubu sau dubu, har in ka rufe ido a gida ka gan su suna tafiya. Aka tsayar da ita kusa da wata baƙar fata, Mama Lavonia, babbar mace wadda in ta yi dariya sai sarƙar ta tsaya ta saurara. Mama Lavonia tana aiki tana waƙa, irin tasu ta kukan zuci, wuƙa tana ba ta kiɗa. Ozella ta fara bin ta a hankali.

"'Yar nan, tsaya," in ji Mama Lavonia. "Kina waƙa kamar mai karanta takardar magani. Wa ya mutu miki?"

"Kakana."

"To ina yake a muryar? Sauko da ita nan, cikin ciki. Ki bar ta ta karkace, ba rigar zuwa coci ba ce da za ki goge ki ninke."

"Mama, ni fa?" na ce daga layin baya, na ɗan ja baiti ɗaya.

"Kai ɗana, ci gaba da cire hanji. Allah ya ba ka hannu."

Kun ji fa. A gaban mata arba'in.

Cikin shekara biyu waƙar Ozella ta zama abin da ba wanda ya san sunansa. Fararen fatar tsaunukanmu suka ce tana waƙa kamar baƙaƙe. A cocin su Mama Lavonia, inda take zuwa ta zauna a baya, aka ce yarinyar tana da zuciya amma ta hanci take fitowa. Masu rawa suka ce ta cika ambaton kabari, masu ibada suka ce ta cika kaɗa ƙafa. Sai ta tafi Louisiana ta auri wani mai kiɗan akodiyo, akwatin nan da ake ja ana matsewa, mutum mai gashin baki kamar tsintsiya. Bayan shekara biyu ta dawo. Ta baro mijin can, ta taho da kiɗansa ta zuba a tukunyar.

Na ce mata, "Zalɓe, wannan ba waƙa ba ce, dafa-duka ce."

Ta ce, "Ka taɓa ganin an rage dafa-duka a faranti?"

Ta fara rubuta nata waƙoƙin a bayan ambulan da kwalin sabulu. Waƙa a kan sarƙar kaji, waƙa a kan benci mai ƙusa, waƙa a kan gashin bakin tsohon mijinta. Alfadarin maƙwabta ma ya samu baiti biyu. Ni da muka tashi a kwano ɗaya, ko tari ba ta yi da sunana ba.

Shekarar da ta nufi Nashville, garin masu buga faifan waƙa, ni na kai ta a akori-kurata, don tata motar ba ta hawa tudu sai da addu'a. Muka shiga ofishin wani mai kamfanin faifai, mai teburin da za a iya noma masara a kai. Ya saurari waƙa uku yana tauna sigari.

"Baiwar Allah, muryar akwai. Amma a wace kanta zan jera ki? Masu sayen waƙar coci za su ce ta mashaya ce, 'yan mashaya su ce wa'azi ne. Ki zaɓi ɗaya ki dawo."

"Ranka ya daɗe, kai cikin 'ya'yanka wanne za ka ɗauka ka bar sauran a tasha?"

"Ba ni da 'ya'ya."

"Ai da gani," ta ce, ta saɓi jitarta.

Na yi dariya tun daga Nashville har iyakar Alabama. Ita kuwa da muka tsaya shan mai sai ta ɗauko jitar ta girgiza a kunne. Kas-kas. Ta ce, "Kaka ya ce mu ci gaba." Nan dariyata ta ƙare.

Abin da jarida ba ta sani ba, Ozella matsoraciya ce. Wannan doguwar mai bakin tsiya, in aka ce saura minti biyar ta hau dandamali sai fuskarta ta koma kamar alli, ta zaga baya ta amayar da abincin jiya da na shekaranjiya. Na gani da idona a bazarar da na yi ina yawo da ita, daga kasuwar baje koli zuwa zauren tsofaffin sojoji, tana sayar da kaset a bayan mota. Don tsoro ko igiyar takalmi ba ta iya ɗaurewa. Sai ta ɗaga jitar, ta kara a kunne, ta girgiza sau biyu. Kas-kas. Shi ke nan, sai ka ga kamar an zura mata ƙarfe a baya. Ta fita ta buɗe baki, tsofaffi su cire hula.

Sau ɗaya ta bar ni na hau da gogena, mai cakin gaskiya a ciki. Mutum ɗari uku ne a wurin. Kafin in kai rabin kiɗan saura huɗu: biyu kurame ne, ɗaya yana jiran in sauka ya share wurin, ta huɗun kuma Nadine ce, wadda daga baya ta aure ni, ta kuma ce tausayi ne.

Sai ga waƙar da ta fito da ita, "Cakin Kakana".

Kakana ya bar mini wutsiya, bai bar mini dafi ba,
In na ji tsoro in girgiza, ya ce yarinya tashi.

Rediyo ya ɗauka daga Memphis har bakin teku. Ba ta yi arzikin a zo a gani ba, kada ku ji ƙarya. Ta sake wa Gwaggo rufin kwano, ta sayi motar da ke hawa tudu, sauran shekarun kuwa a hanya ta cinye su tana cin waken gwangwani. Amma sunan fa! Na bar kaji na buɗe shagon faci a bakin titi, kowa ya tsaya da tayarsa sai ya ce, "Kai ne ɗan'uwan Ozella?" Wata mata daga Ohio har roƙona ta yi in bar ta ta riƙe hannuna, wai ya taɓa jitar. Na ce a raina, da kin san abin da hannun nan ya yi wa jitar, da kin nemi sabulu. Kowace Asabar in shiga rumfa in ja gogena awa biyu. Kajin Nadine suka daina ƙwai ranar Lahadi.

Sau da yawa na buɗe baki zan gaya mata, sai in tuna igiyar takalmin nan in fasa. Wani lokacin tausayi ne. Wani lokacin kuma, gaskiya, daɗi nake ji, duk Amurka ni kaɗai na san sarauniyar tana karɓar umarni daga kayan miya.

Bara waccan, a watan Mayu, ta bugo waya shago.

"Muzuru, kana raye?"

"Ina nan, Zalɓe. An kore ki daga rediyon ne?"

"Ina zuwa ranar gyaran maƙabarta. Dattawa sun yarda in yi wa Kaka waƙa da jita."

"A cikin coci?"

"A kan kabarinsa. Sun auna, sun ce ya wuce shinge da taku goma sha biyu, dokar ba ta kai can ba." Ta yi dariya. Shekara talatin da takwas tana jiran wannan ranar. "In na gama zan fito da cakin. Inna ta ce tana so ta riƙe abin ubanta a hannu kafin ta bi shi. Sai mu binne masa a gefen dutse."

Wayar ta kusa faɗa mini cikin bahon gwada taya. Gwaggo Vesta ta haura tamanin, ba ta gane fuskata sai na yi magana, amma ta san cakin nan gaɓa-gaɓa, kuma duk ƙasar nan ba wanda ya fi ta sanin kuɓewa.

Ranar ta zo. Dangi daga ko'ina, an nome kaburbura, an tara musu ƙasa, an jera furanni. An shimfiɗa tebura a gindin itatuwa, tsawonsu daga nan har Tennessee: soyayyun kaji, burodin masara, wake da naman alade, shayi mai ƙanƙara, da soyayyar kuɓewa har kwano bakwai, kamar an shirya don a ci mini fuska. Da fasto ya fara addu'ar abinci, wadda na san ba ta ƙarewa sai kaji sun huce, kowa ya rufe ido, na sulale zuwa motar Ozella da cakin gaskiya a aljihun riga.

Na kife jitar na girgiza. Kuɓewa ta ƙi fita, ta saba da gidan. Sai da na sa cokali mai yatsu na Nadine na zaƙulo ta. Ta faɗo a tafina baƙa ƙirin, ta ƙanƙance kamar ɗan yatsan tsohuwa, amma 'ya'yan suna nan suna magana. Na jefa cakin Kaka, na mayar da jitar, na dawo daidai "Amin". Na ji kamar an sake yi mini baftisma. Na ci kaza ɗaya da rabi.

Bayan abinci aka taru a kabarin Kaka, mutum ya fi ɗari biyu, har da Mama Lavonia a keken guragu. Aka zaunar da Gwaggo a kujera. Ozella ta zo ta tsaya, furfura ta cika mata kai, fuskar kamar alli yadda ta saba. Ta ɗaga jitar ta kara a kunne ta girgiza.

Tssss.

Ta tsaya. Ta sake girgizawa. Tssss, dogo, busasshe, irin wanda in ka ji a ciyawa kake tsalle.

"Wa ya taɓa mini jita?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Na ce wa ya taɓa jitar nan? Wannan ba shi ba ne."

"Kawo in ji," in ji Gwaggo. Aka kife jitar a cinyarta, cakin ya faɗo. Ta bi shi da yatsa tana ƙirgawa a fili har sha uku, idonta ya kawo ruwa. "Shi ne, Ozella. Na Baba ne. Ga inda fartanya ta cije shi."

"Ba shi ba ne, Inna! Shekara arba'in ina jin muryarsa, a ce ban san ta ba? Ba haka yake magana ba."

Ta mayar da shi ciki, ta girgiza, ta ɗora yatsu a tsirkiya. Yatsun suka ƙi. Ta buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Sai ta zauna a kan dutsen kabarin wani, jitar a cinya, tana kallon ƙasa. Wani dattijo cikin waɗanda suka raba ta da benci ya gyara murya ya ce wa na kusa da shi, yadda kowa zai ji, "Yau dai ba mu muka hana ta ba."

Ba zan yi muku ƙarya ba, minti guda cur na ji daɗi. Daɗi irin na ruwan rijiya ranar zafi. Ga Ozella Tackett ta rediyo da cakin gaskiya a hannu, ta zama ni. Na so a ce Mama Lavonia ta waiwayo ta ga yadda duniya ta juya.

Ta kuwa waiwayo. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai mai cire hanji, me ya sa ka dafe aljihu kamar mai ciwon zuciya?"

Na dubi Ozella. Igiyar takalminta a kwance take, tun safe ba ta iya ɗaurewa ba. Mutanen baya sun fara tattara kwanuka. Na san in ta tashi daga wurin nan ba ta yi waƙar ba, ko a bayan gida ba za ta ƙara rera baiti ba. Na sa hannu a aljihu, ban ma fito da ita ba, na kaɗa.

Kas-kas.

Kan Ozella ya ɗago kamar na karen farauta.

"Muzuru. Mene ne a aljihunka?"

"Kayan miya."

"Fito da shi."

Na fito da ita na ɗora a tafin hannu. Mutum ɗari biyu suka miƙo wuya. Na faɗi komai, ranar jana'iza, ƙarƙashin gado, bayan kicin. Na yi niyyar in gyara labarin ya yi mini kyau, amma ya ƙi gyaruwa.

"Miƙo nan," in ji Gwaggo. Ta murza ta, ta shinshina. "Kuɓewar irina! Jar nan mai gajeren kai! Ɗan banza, dukan tsiya na yi wa akuya a kan igiyar nan!"

Mama Lavonia ce ta fara dariya, har keken yana tafiya da kansa. Sai wuri ya ɗauka. Ozella ba ta yi ba. Ta tashi ta zo gabana, har yanzu ta fi ni tsawo.

"Wato na tsaya gaban mutum dubu biyar na ce musu kakana yana magana da ni."

"Haka ne."

"Kuɓewa ce."

"Mai kyau dai. Sai da na zaɓa."

"Cakin kuma yana wurinka."

"Cikin gogena."

"Har ranar da ka kori mutum ɗari uku?"

"Har ranar."

Ta ƙura mini ido, leɓenta yana motsi. Na ɗauka mari ne ke tafe, na juya mata kuncin da haƙoransa suka riga suka fita. Sai ta ce a hankali, "Ashe ni kaɗai nake hawa dandamalin nan."

"Ke da kuɓewata," na ce.

"Ba ni abata!" Ta warce ta, ta zazzage cakin ta miƙa wa Gwaggo, ta jefa kuɓewar cikin jitar ta girgiza. Kas-kas. Ta cire hularta ta dangwara mini a hannu. "Riƙe. Aikinka ke nan a ƙungiyar."

Ta fara da waƙar jana'izar nan da ta yi a baranda, a hankali, murya zalla, tsofaffin coci suka kama layinsu ba su sani ba. Sai ta sauko da ita cikin ciki ta karkata ta, Mama Lavonia ta amsa daga keke. Sai jitar ta shigo da kiɗan Asabar na Kaka, da ɗan tsallen nan na Louisiana a ƙarƙashi. Na ga ƙafar dattijon nan tana bugun ƙasa, yana hararar ta kamar ta wani ce. Daga nan ta zarce cikin "Cakin Kakana", da ta zo baitin wutsiya sai ta dube ni ta sake shi nan take:

Kakana ya bar mini wutsiya, muzuru ya sace,
Ya bar mini 'yar miya, ita ma ta ce tashi.

Aka tona ɗan rami a gefen dutse, Gwaggo ta sa cakin da hannunta, aka rufe. Na tambaya ko za a bar mini shi, tun da mun saba. Gwaggo ta ce in matsa kafin ta sa a tona babba.

Haka take rera waƙar yanzu ko'ina, an ce ma ta fi ta da karɓuwa. Masu tsayawa a shago sun daina tambaya ko ni ɗan'uwan Ozella ne, yanzu cewa suke, "Ina muzurun?" Sunana na gaskiya dai har yau bai shiga waƙa ba. Kuɓewa ta shiga. Akuyar ma na ji an ce ta samu baiti.

Gogena kuwa ya koma fanko. Na zauna na yi tunani mai zurfi, na ce tun da ba cakin ba ne, to kuɓewar ce. Na roƙi iri wurin Gwaggo, jar nan mai gajeren kai, na shuka, na shanya, na tura ƙanana guda uku ta ramin gogen, don in ninka Ozella sau uku. Ranar Asabar na shiga rumfa na kara a kunne na girgiza. Kas-kas-kas, tas kamar tata. Na ɗora bakan gogen a tsirkiya na ja.

Nadine ta leƙo ta taga ta ce in ina son ƙwai gobe, in ajiye.